Ajiya Biyu: ƙaramar tambaya, doguwar takarda

Akwai wani faifan ajiya a durowar teburina wanda ya daɗe da daina aiki, amma na kasa jefar da shi. A jikinsa an manna farar takarda, an rubuta "Ajiya Biyu" da biro. Tsakanin kalmomin nan biyu akwai tazara, irin wadda kowa ke bari idan yana rubutu ba tare da ya yi tunani a kanta ba. Wannan tazarar ta taɓa jawo wa wasu bayin Allah kwanaki suna tattara rasitai daga cikin kwalaye, ni kuma ta jawo mini kunyar da har yau ban gama wanke ta ba.

A lokacin ina kula da kwamfutocin wani ɗan kamfani mai sayar da taki da irin shuka. Saba ɗaya ce tal, tana ɗauke da Linux, kuma a cikinta duk lissafin kamfanin yake: wanda ya karɓi kaya bashi, wanda ya biya rabi, abin da ya rage a sito. Na rubuta ɗan gajeren umarni da ke tashi kowane dare ya kwafe lissafin zuwa faifan waje. Kafin ya fara kwafa, sai ya yi tambaya ɗaya: shin faifan yana jone? Tambayar tana da dalili. A Linux, idan faifan ba ya nan amma foldar da yake sauka a kanta tana nan, kwafin zai zube a kan babban faifan sabar kanta, ya cika shi, kai kuma kana can kana murna kana da ajiya. Saboda haka na sa umarnin ya buɗe wani fayil mai suna /proc/mounts ya nemi sunan foldar a ciki. In ya gani ya kwafa, in bai gani ba ya yi shiru ya kwanta.

Da faifan farko mai suna "Ajiya" ya cika, aka sayo sabo, wani abokin aikina ya raɗa masa "Ajiya Biyu". Na canza sunan a cikin umarnin, na tafi gida. Makonni suka wuce. Wata ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, babban faifan ya mutu. Na ɗauko faifan ajiya da gaba gaɗi, na buɗe, na tarar wayam.

Mai kamfanin bai ɗaga murya ba, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Cewa kawai ya yi, "Injiniya, ai ka ce kullum yana kwafewa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka na tsara shi."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya juya ya sa akawu ya fito da kwalayen rasitai.

Sai cikin dare na gano abin da ya faru. Faifan yana jone lafiya lau duk tsawon makonnin nan. Amma a cikin /proc/mounts ba a rubuta sunansa yadda yake a jikin takarda ba. An rubuta shi haka: Ajiya\040Biyu. Tun da tazara ce ke raba bayanai a kowane layi na fayil ɗin, ba za a bar ta a cikin suna ba, sai a musanya ta da lambarta. Umarnina yana neman suna mai tazara, fayil ɗin yana ɗauke da suna mai lamba, suka yi ta saɓani kowane dare ba wanda ya ce uffan.

Laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Amma tun daga ranar na zama mai bibiyar wata muhawara da ta ɗauki masu gina Linux shekaru, a kan tambayar da ba ta fi tawa girma ba: yaya ya kamata manhaja ta tambayi tsarin kwamfuta me da me ke jone, kuma a ina?

Bari in ɗan share fage saboda wanda ba wannan ce sana'arsa ba. A tsakiyar kowace babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura akwai wani sashe da ake kira kanel, ni kuma na fi son in ce ƙwaya. Ita ce ke riƙe da na'urar kai tsaye; sauran manhajoji ba sa taɓa faifai ko katin sadarwa da hannunsu, roƙon ta suke yi. A Windows kowane faifai yana da harafinsa, wannan C, wancan D. A gidan Unix, wanda Linux ta gada, bishiya ɗaya ce ga dukkan fayiloli, tana farawa daga saiwa guda. Idan ka kawo sabon faifai, sai a ɗauki abin da ke cikinsa a jona shi a jikin wani reshe na bishiyar, kamar yadda mai lambu ke yi wa mangwaro aure. Daga nan duk wanda ya bi reshen ya shiga sabon faifan ba tare da ya lura ya ƙetare iyaka ba. Ƙwaya ce kaɗai ta san inda kowane jonin yake. Wannan sanin shi ne abin da ake magana a kai. Kuma kada mai karatu ya ɗauka abin ya yi masa nisa: wayar Android da ke hannunsa ƙwayar Linux ce a cikinta, da jone-jone masu yawa da bai taɓa gani ba.

Da fari ma ba ƙwaya ake tambaya ba. Akwai wani fayil na rubutu, /etc/mtab, wanda umarnin jonawa ke rubuta wa da kansa duk lokacin da ya jona wani abu, ya goge idan ya cire. Littafin maigadi ke nan: muddin kowa ta ƙofa ya shigo, littafin daidai yake. Amma idan wata manhaja ta roƙi ƙwaya kai tsaye, ko wuta ta ɗauke kafin a goge layi, ko kuma faifan da fayil ɗin ke kai an hana rubutu a kansa, sai littafin ya fara ƙarya. Shi ya sa aka koma ga /proc/mounts, wanda ba fayil ba ne na gaske da ke zaune a faifai. Ƙwaya ce ke tsara shi nan take duk lokacin da aka buɗe. A yawancin na'urorin yau /etc/mtab ishara ce kawai da ke kai ka can.

Sai duniya ta ƙara rikicewa. A 2002, a Linux 2.4.19, aka ba kowane aiki mai gudana damar ya mallaki bishiyarsa daban, ta yadda manhajoji biyu a na'ura ɗaya za su ga jone-jone mabambanta. Bayan 'yan shekaru, a 2.6.15, aka ƙara dokokin yaɗuwa: jonin da aka yi a wannan bishiyar zai iya bayyana a waccan, ko a hana shi. Tsohon fayil ɗin ba shi da gurbin waɗannan bayanai, kuma ba a isa a sauya fasalinsa ba tun da dubban manhajoji sun dogara da shi. Sai a 2008, a 2.6.26, aka kawo sabo a gefensa, /proc/self/mountinfo. Ga yadda faifaina zai bayyana a cikinsa:

41 29 8:17 / /media/Ajiya\040Biyu rw,relatime shared:22 - ext4 /dev/sdb1 rw

Lambar farko ta jonin ce, ta biyu ta wanda aka jona shi a jikinsa, sai lambar na'urar, sai inda aka faro a cikin faifan, sai inda aka sauke shi, sai sharuɗɗan jonin. Bayan nan akwai wasu bayanai da adadinsu ba shi da tabbas, za su iya zama babu ko kaɗan, ɗaya, ko fiye, shi ya sa aka sa ɗan karan nan ya nuna inda suka ƙare. Sannan nau'in tsarin fayil, da tushensa, da nasa sharuɗɗan.

Ba zan ɓoye ba, ina son layin nan. Na sha tsayawa gaban saba da ta rikice da ƙarfe biyun dare, babu intanet, babu wata manhajar bincike, in buɗe wannan fayil in karanta da idona in gane inda gizo ke saƙa. Wannan ita ce tsohuwar hikimar Unix, cewa a mai da komai rubutun da mutum zai iya karantawa. Matsalar ita ce mutum ba shi ne babban mai karanta shi ba. Manhajoji ne, kuma abin da ya yi wa ido daɗi ba lallai ya yi musu ba.

Fara da abin da ya kama ni. Ba tazara kaɗai ake musanyawa ba. Akwai \011 da \012 da \134, na alamar tsallake da ta sabon layi da ta karkataccen karan kansa. Sharuɗɗa kuma da waƙafi ake raba su, alhali wani sharaɗin, irin na tsaron SELinux, yana ɗauke da waƙafi a cikinsa. Duk wanda ya zauna rubuta manhajar da za ta warware layin nan sai ya san waɗannan tarkuna ɗaya bayan ɗaya, kuma an rubuta irinta sau ba adadi, a harsunan kwamfuta daban-daban, kowa da inda ya yi tuntuɓe. Ka duba abin: ƙwaya tana riƙe da bayanin a tsare, kowane a gurbinsa. Sai ta narkar da shi ya zama rubutu, ta miƙo, manhaja kuma ta zauna ta sake ƙera shi ya koma yadda yake tun farko. Aikin baban giwa.

Amma wannan ƙarami ne idan aka kwatanta da matsalar yawa. Na haɗu da ita shekaru bayan haka, a wani wurin aiki, a kan wata saba da ke ɗauke da kwantenoni. Kwantena a nan tana nufin manhaja da aka killace da duk kayanta, tana ganin kamar ita kaɗai ce a na'urar, kuma da jone-jone ake gina wannan killacewar. Kowace ɗaya tana zuwa da nata, ta tafi da su. Wata safiya sabar ta yi nauyi, na duba in ga wace manhaja ce ke cinye ƙarfinta, sai na ga ba wata baƙuwa ba ce, systemd ce, wato shugabar ayyukan na'urar, mai lamba ɗaya. Ba wani aiki take yi ba illa karatun fayil ɗin nan, ta gama ta sake farawa.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Ƙwaya tana da hanyar sanar da manhaja cewa wani abu ya sauya a rajistar jone-jone. Abin da ba ta faɗa shi ne me ya sauya. Kamar a ce mai shela ya zagaya gari yana cewa "an yi wani abu", kowa kuma ya fito ya ƙirga gidajen garin daga farko don ya gane ko gini aka yi ko rushewa. Manhajar da ta ji shelar sai ta karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ta warware kowane layi, ta gwada da abin da ta sani a baya. Idan jone-jone talatin ne, ba komai. Amma yi lissafi: idan za a yi joni 10,000 ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan kowanne a karanta duk abin da ya taru, layukan da za a tsara a kuma warware sun kai kusan miliyan 50. Wannan na mai sauraro ɗaya ne, alhali a na'ura guda akan sami da yawa. Kuma yayin da ƙwaya ke tsara rubutun tana riƙe da wani kwaɗo wanda mai son yin sabon joni shi ma yake buƙata, don haka masu karatu suna tare wa masu aiki hanya. Masu systemd sun sa mata linzami, ta riƙa jinkirtawa idan shela ta yi yawa. Ya rage zafi, amma ya zo da nasa ciwon, domin a lokacin da take jinkirin nan abin da ta sani ya tsufa.

Akwai kuma wani aibi da ya fi ɓoyuwa. Babban fayil ba a karanta shi a tashi ɗaya, gutsure-gutsure ake ɗiba. Tsakanin ɗiba da ɗiba, rajistar za ta iya sauyawa. A tsofaffin ƙwayoyi, idan aka cire wani joni daga sashen da ka riga ka karanta, layuka sukan matso, sai ka tsallake wani jonin da yake nan daram. Manhajar da ta dogara da wannan karatun za ta ɗauka an cire faifan da ba a taɓa ba. Sai a 2020, a Linux 5.8, aka toshe wannan ta hanyar ajiye alama a inda mai karatu ya tsaya.

Ita kanta lambar jonin, wadda ke farkon layi, ba abar dogaro ba ce. Da zarar an cire joni, lambarsa ta koma kasuwa, wanda ya biyo baya zai iya ɗauka. Duk wanda ya taɓa kiran lambar wayar tsohon aboki ya ji muryar baƙo ya san irin wannan. Manhaja ta ga lamba 41 ɗazu, ta ga lamba 41 yanzu, ba ta da tabbacin abu ɗaya ne. Ƙari a kan haka, shi /proc ɗin da ake tambaya a cikinsa shi ma joni ne. A killataccen wurin da ba a jona shi ba, babu ma ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Kowa ya yarda da cutar. A kan magani aka rabu.

David Howells na kamfanin Red Hat shi ya fara kawo cikakkiyar shawara. Shi ne ya jagoranci sabuwar hanyar yin joni da ta shiga Linux 5.2 a 2019, wadda ta raba aikin zuwa matakai maimakon a cusa komai cikin kira ɗaya. Tun 2018 yake tafe da wani kira mai suna fsinfo, wanda manhaja za ta yi amfani da shi ta tambayi ƙwaya kusan komai game da tsarin fayil: sharuɗɗansa, iyakokinsa, abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, sabobin da ke bayansa idan na nesa ne, da matsayinsa a bishiya. Tare da shi akwai tsarin shela mai faɗin abin da ya sauya. Ya sake fasalinsa sau da yawa. Masu manhajojin da abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, irin su Karel Zak mai kula da util-linux da Ian Kent mai kula da autofs, sun nuna suna buƙatar wani abu irinsa.

Wanda ya fi kowa ja da shi shi ne Miklos Szeredi, marubucin FUSE da overlayfs, shi ma a Red Hat yake. Hujjarsa ita ce Linux ta riga ta san yadda ake fitar da irin wannan bayani: a yi ƙananan fayiloli, kowane joni da foldarsa, kowane bayani da fayil ɗinsa, mai so ya buɗe wanda yake so kawai. Ba sabon kira, ba sabon tsarin da za a yi ta renonsa har abada. Aka ce masa buɗe fayil da karantawa da rufewa kira uku ne a kan kowane ɗan bayani, idan aka ninka da dubban jone-jone an koma gidan jiya. Daga wannan musun ne Greg Kroah-Hartman ya kawo shawarar readfile, kiran da zai haɗa ukun a ɗaya. Shi ma bai shiga ba. A 2020 Howells ya miƙa aikinsa ga Linus Torvalds, ba a karɓa ba. Daga baya Szeredi ya gwada wata hanyar, ta tambayar bayanai da sunayensu, ita ma ta tsaya a hanya.

A lokacin na ji haushi, domin ni ina cikin masu jiran magani. Yanzu da na ƙara shekaru a aikin nan na fahimci abin da ke sa su taurin kai. Linux tana da doka ɗaya da Torvalds ba ya wasa da ita: abin da aka ba manhajoji suka dogara da shi ba a karɓe shi. Kira idan ya shiga, ya shiga ke nan, da kyansa da muninsa. Shi kansa mountinfo shaida ne, tsarin 2008 ne ake ɗauke da shi har yau ba a isa a matsar da waƙafi ɗaya ba. Wanda ya san auren da zai ɗaura babu saki a cikinsa, dole ya daɗe yana bincike. Duk da haka ina ganin fsinfo ya faɗi ne saboda ya so ya amsa tambayoyi da yawa a lokaci guda. Bayanin tsarin fayil abu ne, bayanin joni wani abu ne daban, kuma na biyun ne ke ƙona mutane.

Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda aka ƙare. A ƙarshen 2023, Szeredi ɗin nan da ya yi shekaru yana cewa ba a buƙatar sabon kira, shi ya kawo sababbin kira biyu. Suka shiga Linux 6.8 da ta fito a watan Maris na 2024, ta hannun Christian Brauner mai kula da wannan sashe. Sunayensu listmount da statmount.

Na farkon lambobi kawai yake bayarwa: ka nuna masa joni, ya jero maka lambobin waɗanda ke ƙarƙashinsa. Idan mazubinka ya cika, ka gaya masa lambar da ka tsaya a kai ya ci gaba daga nan. Na biyun kuwa ka ba shi lamba ɗaya, ka faɗi abin da kake so a sani game da ita, ko inda aka sauke jonin, ko nau'in tsarin fayil, ko dangantakarsa da na samansa, ya cika maka su a gurabe sanannu, ya kuma nuna maka waɗanda ya iya amsawa. Abin da ba ka tambaya ba, ba ya wahalar da kansa a kai. Sunaye suna zuwa yadda suke, tazara tana nan a matsayin tazara, domin alamar da ke rufe kowane suna ita ce sifiri, wadda tun asali ba ta halatta a cikin sunan fayil ba. Da na karanta wannan sashen sai da na waiwayi durowata.

Ginshiƙin duka biyun shi ne sabuwar lamba mai bit 64 wadda ba a sake ba wani muddin na'urar ba ta sake tashi ba. Ko da za a yi joni miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai an shafe fiye da shekara 500,000 kafin ta ƙare. An fara ƙirga ta daga sama da inda tsofaffin lambobi ke iya kaiwa, don kada a rikita su. Kuma tsohon kiran nan statx, wanda ake tambayar bayanin fayil da shi, an koya masa ya faɗi sabuwar lambar jonin da fayil yake kai. Ma'ana, manhajar da ke son sanin a kan wane faifai wannan foldar take za ta yi tambaya biyu gajeru ta samu amsa, ko jone-jone goma ne a na'urar ko dubu goma. A cikin ƙwayar ma an sauya yadda ake ajiye su, daga dogon jeri zuwa tsarin bishiya da aka jera bisa lamba, don a sami kowanne ba tare da an bi ta kan sauran ba.

An fara da kaɗan, aka riƙa ƙari. A 6.11 aka ba da damar tambayar sharuɗɗan joni, da leƙa bishiyar wata kwantena daga waje ga wanda ke da izini. A 6.13 aka ƙara tushen jonin, da sharuɗɗa a rarrabe ɗaya-ɗaya, wanda ya kashe rigimar waƙafi. Rabin da ya rage, wato shela, ya iso a 6.15 cikin watan Mayun 2025, ta hanyar fanotify: yanzu ƙwaya tana iya cewa an jona lamba kaza, ko an cire lamba kaza. Mai sauraro ya ɗauki lambar ya tambayi statmount, shi ke nan. Daga 2018 zuwa 2025, shekara bakwai.

Ba ina cewa an gama ba. Sabobin da ke aiki a duniya ba sa gudu da sabuwar ƙwaya. Ubuntu 24.04 ta zo da 6.8, amma 22.04 da 5.15 ta fito, Debian 12 kuma da 6.1, kuma irin waɗannan za su daɗe a bakin aiki. Ko a sabuwar ƙwaya, katangar tsaron da ake kewaye kwantena da ita takan hana kiran da ba ta sani ba. Saboda haka duk manhajar kirki sai ta iya hanyoyin biyu, ta gwada sabuwa, in an ƙi ta koma tsohuwa. A 'yan shekarun nan aikin ƙaruwa ya yi. Abin da ya sauƙaƙa shi ne util-linux, wadda daga fitowarta ta 2.41 ta koya wa laburarenta libmount da umarnin findmnt sababbin kiran, don haka masu dogara da ita za su ci moriya.

Akwai kuma abin da nake jin an rasa, ko da yake ba a ɗauke shi ba. Amsar statmount ba a karanta ta da ido. Sai da wata manhaja a tsakani. Ranar da sababbin bayanai suka fara fitowa ta wannan hanyar kaɗai, kamar yadda sabuwar lambar ta riga ta yi tun da ba ta cikin mountinfo, mutumin da ke tsaye gaban saba da ƙarfe biyun dare zai ga ƙasa da abin da manhajojinsa ke gani. Na yarda da cinikin, amma ciniki ne.

Sannan akwai gaskiyar da ta fi shafata. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa da statmount yana nan a wancan lokacin, da lissafin kamfanin takin nan bai salwanta ba. Ba haka ba ne. Tun a lokacin akwai wani ɗan umarni mai suna mountpoint wanda aikinsa ke nan, ka ba shi folda ya ce maka an jona wani abu a kanta ko ba a jona ba, kuma tazara ba ta ruɗa shi. Ban neme shi ba, saboda fayil ɗin rubutun yana gabana a buɗe, ya yi mini kama da abin da na gane. Kuma ko da tambayar ta ba ni amsar ƙarya, ai ni na tsara cewa idan babu faifai a yi shiru. Layi ɗaya da zai aika wa wani saƙo cewa yau ba a kwafa ba, da ya tona asirin tun daren farko.

Akawun kamfanin, dattijo ne mai haƙuri, shi ya fi kowa shan wahalar sake shigar da lissafin. Na zauna tare da shi ina karanto rasitai yana bugawa. Akwai waɗanda ruwa ya taɓa, akwai bashin da aka bayar da baki ba a rubuta a takarda ba sai a kwamfuta, waɗannan sai da aka bi mutane gida aka dogara da amanarsu. A rana ta uku ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, wai me ya hana shi kwafewa ne?"

Na ɗauki takarda na rubuta masa sunan faifan sau biyu, ɗaya da tazara, ɗaya da \040. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan ɗin ne kawai?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya ajiye takardar, ya jawo kwali na gaba, ya ce in karanto.